Abin da Muka Ɗauko a Langa daga Tsibiri

Mun tashi daga Rogo Sabon Gari ana idar da sallar asuba, ni da yayata.

Yaya karatun dabbobi take yi a jami'a, bincikenta kuma a kan tsaka ne. E, tsaka. Za ta je ɗauko su a wani tsibiri da ke cikin dam, Inna ta ce ba za ta yi tafiyar ita kaɗai ba, ni kuwa tun da na gama sakandare zaman gida nake, sai aka haɗa mu. Ni da in na ga tsaka a bangon ɗaki sai dai in kwashi tabarmata in koma ɗakin Inna.

Hanyar Karaye damina ta cinye ta. Kuɗin mota ya tashi, da wani fasinja ya yi ƙorafi direba ya ce ya sauka ya hau jaki. Dama da hagu masara da dawa sun yi kore shar, gyaɗa ta rufe ƙasa. A wani rami buhu ya faɗo kan akwatin roba mai huji-huji da yaya ta tanada don zuba tsakar, ya fasa shi.

A bakin dam muka sami wani dattijo mai kwalekwale. Yaya ta ce masa aikin makaranta ne, ba ta ƙara ba, don ta san in ya ji sunan tsaka ba zai ɗauke mu ba. Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Nan ƙarƙashinmu gonar mahaifina ce."

Tsibirin kan wani dutse ne da ruwa ya bari lokacin da aka datse kogi. Bana ruwan hawa yake ta yi, turakun da yaya ta kafa a zuwanta na baya duk sun nutse. Niyyarta ta kwashe tsakar ta kai su wani dutse mai tsawo a gaɓa kafin wurin ya shafe.

Ba irin ta gida ba ce. Ba ta hawa bango, a ƙarƙashin duwatsu take zama. Jelarta kauri gare ta, a ciki take tara kitsen da ke riƙe ta da rani. Jikinta ratsi-ratsi ne, kuma tana ƙifta ido kamar mutum, abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki. Yaya ta ce ta yi yawon duwatsun yankin nan, ba ta ga mai irin wannan launin ba sai a nan. Muka yini ɗaga duwatsu, abin da ta samu bai kai goma ba. Tunda babu akwati, muka cinye dambun da Inna ta zubo mana a langa, yaya ta sa tsakar a ciki, ta tokare murfin da tsinke don iska, ta ɗaure da ɗankwali.

A dawowa wasu mata masu kifi banda suka ɗago mana hannu daga wata gaɓa, dattijon ya ɗauke su. Kwalekwale ya cika har ruwa na taɓa baki. Wata tsohuwa ta zauna kusa da yaya, idonta a kan langa.

"'Yan matan zamani, ku da abinci a cinya ba tayi?"

"Ba abinci ba ne, Iya."

"Ji rowa! Kakarki za ki hana? Kawo in gani, ko ɗan wake ne kike jin kunya."

Da wasa ta fizge, ana dariya. Kafin yaya ta miƙa hannu tsohuwar ta kwance ɗankwalin, tsaka suka watsu cikin kwalekwale.

Salati ya tashi. Kowa ya yi tsalle gefe guda, kwalekwale ya kife rabi, ruwa ya kwararo har gwiwa. Dattijon na ihu, "Ku zauna! Za ku kashe mu!" Masu takalmi suka cire suna duka, wata na cewa a yi da bugu ɗaya, ya fi lada. Yaya na kuka tana roƙonsu, babu mai jin ta. Waɗanda ba a kashe ba ruwa ya tafi da su.

An lafa, ana kwashe ruwa da ƙwarya, sai na ji wani abu mai sanyi yana tafiya cikin hijabina, ya tsaya a wuyana. Na san in na buɗe baki za a sake tashi, kuma wannan karon jirgin ba zai ɗauka ba. Ita ma za a kashe ta. Na cije leɓe, na ƙura wa ruwa ido, ina jin numfashinta a fatata har muka iso gaɓa. Sai da matan suka yi nisa na iya cewa, "Yaya, zo ki cire."

Mace ce. Yaya ta ɗaga ta a rana ta nuna mini ƙwai biyu ta cikin fatar cikinta. Muka hau dutsen muka sake ta a wani kogo. Na tambaye ta ko ɗaya za ta isa. Ta ce ba ta sani ba.

Mun iso gida bayan magariba, a jiƙe. Inna ta yi mana faɗan langarta, ta ce a yar da ita.

Ba na ganin laifin tsohuwar nan, da abin da ta taso ta yi aiki, kuma da a gida ne ni ma takalmin zan ɗauka. Abin da na koyo shi ne halitta tana iya ƙarewa daga duniya ba tare da mugu ko ɗaya a wurin ba, ana cikin raha. Har yanzu tsoron tsaka nake ji. Amma duk ruwan da aka yi, sai na kama kaina ina tunanin ko ya kai kogon nan.