Kocin da Ya Fitar da Zaharaddini

Da an idar da sallar la'asar, Malam Sama'ilu Ɗanliti zai rataya usur a wuya, ya ɗaure buhun ƙwallaye a bayan kekensa, ya nufi filin firamaren Tudun Kuka, ƙauyenmu da ke gefen Kunci. Kafin 'yan wasa su taso daga gona, ya gama tsince ƙaya da kashin shanu, ya ja layi da toka. Shekara ashirin da uku yana wannan. A watan jiya ya ajiye aikin, gwiwa ta matsa masa.

Wanda bai taɓa riƙe ƙungiyar ƙauye ba zai ɗauka shagala ce. Gonaki sun kewaye filin ta ko'ina. Da damina ƙwallo ta faɗa cikin gyaɗar wani, Koci ne mai zuwa ba da haƙuri. Da an gama girbi rabin 'yan wasansa su watse cirani, wasu Kano tuƙin adaidaita, wasu Legas, ya koma neman sababbi yana koya musu tun daga tare ƙwallo. In an ci wasa ya ce samari sun yi ƙoƙari. In an sha kashi ya ce shi ne bai tsara daidai ba, ka gan shi tsugune yana zana wasan a ƙasa da tsinke har ya gano inda aka ɓata.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar wasan ƙarshe na kofin yanki, shekara tara da suka wuce. Ba mu taɓa kaiwa nan ba, kuma ba mu sake ba. Ana ɗaya da ɗaya, Zaharaddini, ɗan gabanmu da ya ci mana rabin ƙwallayen gasar, ya yi tsalle suka yi karo da kai da mai tsaron bayan abokan karawa. Ya faɗi, ya miƙe, aka fito da shi bakin layi aka zuba masa ruwa. Ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ina tsaye kusa. Koci ya riƙe masa haɓa ya dube shi cikin ido.

"Da wa muke wasa?"

Zaharaddini ya ambaci ƙungiyar da muka fitar tun mako guda kafin ranar.

Nan take Koci ya ɗaga hannu a yi canji. Alhaji Nababa, shugaban ƙungiyar, ya ratso taro ya ce masa a mayar da yaro fili, garin nan ya jira wannan rana da daɗewa, 'yar juwa ce za ta wuce.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Koci. "Ubansa ni ya damƙa wa shi."

Ya bar ragowar wasan a hannun kyaftin Kamilu, ya sami mai babur, suka sa Zaharaddini a tsakiya suka nufi asibiti. A hanya aka kira shi aka ce an ci mu biyu da ɗaya.

Kafin magariba magana ta zaga gari cewa Sama'ilu ya sayar da wasa, shi ya sa ya gudu. Washegari kwamiti ya sallame shi. Akwai waɗanda suka daina amsa sallamarsa a majalisa. Bai je ya kare kansa wurin kowa ba, domin yana Kano, inda asibitin ya tura su shi da Zaharaddini. Hoton kai ya nuna jini na taruwa a ciki, aka yi aiki. Likita ya faɗa wa mahaifin yaron cewa da ya koma fili ya sake yin karo, da wuya a iso da shi da rai.

Da gaskiya ta fito, Alhaji Nababa ya je har gidan Koci da kansa. Koci bai bar shi ya ƙarasa ban haƙurin ba, ya tambaye shi ko an gyara ragar da ta yage. Ran Asabar ya koma aiki.

Malam Sama'ilu, kai ne ka san abin da za a faɗa a kanka, ka kuma hau babur ɗin. Kai ne ka fi kowa son kofin nan, domin shekara goma sha huɗu ka yi kana binsa. Gwanin horo, mai riƙon amana: ba ka taɓa goranta wa kowa ba.

Zaharaddini bai sake buga ƙwallo ba. Yanzu walda yake a kasuwar Kunci. Na tambaye shi abin da yake tunawa game da ranar, ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce, "Ko kaɗan ban tuna komai ba. Ni dai na san ina da 'ya'ya uku."

A madadin mutanen Tudun Kuka, waɗanda suka gode maka da waɗanda suka zage ka suka ji nauyin dawowa, mun gode, Koci. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu riƙe da 'ya'yan mutane, a fili ko a aji ko a gareji, ku yi koyi da shi. Ranar da kowa zai ce ku mayar da yaro, ku tsaya ku dube shi tukuna.