Ranar da na yi wa sabar baki

Na danna faifan sau uku, layin sauti yana tafiya a allon kwamfuta amma shiru. Wata tsohuwa tana zaune kan benci, ta kafe lasifika da ido.

Shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, ina da ɗan shagon buga takardu a Konni. Kwamfutar da nake aiki da ita kwance ce daga wani buro, wato ofis. Manhajar sabar ke kanta, irin wadda ake ajiye wa ma'aikata fayiloli. Da ma na ɗan gyara ta, na cire dogon fasawod, na sa mata manhajar rubutu. Sauti kuwa ban taɓa bi ta kai ba.

Ita tsohuwar tun daga Tajaye ta shigo mota. Ɗanta da ya tafi cin rani Libiya, shekara biyu ba labari, shi ya aiko da muryarsa a faifai.

Ta ce, "Ɗana, ko dai bai ce komi ba?"

Na ce, "Ya yi magana, Inna. Na'urar ce ba a yi mata baki ba."

Ta ce, "To yi mata. Ina nan."

Na shiga saiti ina lalube har la'asar, sannan na gano inda aka kashe sautin tun asali. Ina kunnawa sai muka ji, "Inna, ina kwana?"

Ta gyara mayafi, ta ce, "Lahiya lau, Sani."

Na gyara kwamfutoci da yawa bayan nan, amma wannan aikin nake tunawa. Ku fa, wane ƙaramin aiki ne ya tsaya muku a rai?