Kwalbar da Baba Silvanus Ya Rufe da Ɗankwali

A Kafanchan ba a jefar da mataccen maciji sai Baba Silvanus ya gani. Tsoho ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran layin dogo kafin ya ajiye aiki ya gina ɗaki biyu a bayan gidajen reluwe. A barandarsa akwai katako ɗauke da kwalaben alewa goma sha biyu, kowace da ƙaramin maciji a naɗe cikin ruwan sifirit mai hana ruɓa. Ta goma sha uku tana can ƙarshe, an rufe ta da tsohon ɗankwali, ba wanda ya taɓa ganin cikinta.

Mata sukan kawo masa abin da suka kashe a gindin randa ko cikin tarin itace, rataye a kan sanda. Ya duba ya ce wannan koren na bishiyar mangwaro ne, ƙadangare yake nema, a banza kika kashe shi. Wannan baƙin mai kama da tana ko ido ba shi da shi. Guda biyu ne kawai yake daɗewa a kansu: kububuwa da mai shan ƙwai. Tsawonsu ɗaya, zanensu ɗaya, kuma dukansu in sun fusata sukan goga jikinsu su yi ƙara kamar ruwa ya ɗiga a kasko mai zafi. Kububuwa takan sa mutum ya zubar da jini har ya ƙare. Ɗayan ko haƙorin kirki ba shi da shi. Sai Baba Silvanus ya buɗe bakin da tsinke, ya faɗi wanne ne. In maciji ya sari mutum, nan ake fara tsayawa da shi. Ya ce a tafi gida, a tafi. Ya ce asibiti, ba musu.

An san matarsa Emilia ta rasu tun yana matashi, lokacin da aka ajiye shi a wata ƙaramar tasha cikin daji, kuma saran maciji ne. Da ya gina gidan nan sai da ya je ya kwaso ƙasusuwanta ya binne a bayan ɗakinsa. Mutane suka ce ƙauna ce.

Da daminar 1976, wata ranar Talata da rana tsaka, aka turo wata mata a kan keke. Afiniki ce, matar Gregory, mai gonar citta a hanyar Kagoma. Tana gyara ciyawar da aka lulluɓe cittar da ita abin ya kama ta a idon sawu. Gregory ne ke tura keken, maƙwabciyarsu Mama Selina tana biye da macijin a kan fartanya.

Baba Silvanus ya kalli macijin. Babu kansa. An daka shi da dutse har ya zama laka.

“Wa ya yi wannan aiki?”

“Ni ne, Baba,” in ji Gregory. “Ka san idon maciji yana riƙe hoton wanda ya kashe shi. In ɗan'uwansa ya zo ya gani, gidana zai biyo ni.”

“Daka ɗaya ya isa ido,” in ji Mama Selina. “Kai kuwa sai ka ce acca kake sussuka.”

“Mama, bar wannan magana. Baba, mai shan ƙwai ne, ko? Kajina suna ta ɓatar da ƙwai. Ƙafar ma igiyar da muka ɗaure ce ta kumbura ta. Mu koma gida a sa mata magani, ko?”

Tsohon ya ɗaga kai. Fuskar Gregory yake kallo. Ya ga tsoro a fuskokin mazaje da yawa a barandar nan, amma wannan ba tsoron mutuwar mace ba ne. Roƙo ne. Kowa a unguwar ya san sau biyu Afiniki tana gudu wurin yayyenta saboda duka, kuma gidan yayyen yana jikin katangar asibiti. In ta kwanta a can, su za su kawo mata abinci, su za su ga tabon dukan da ke bayanta in an cire riga.

A lokacin ne ya ji ƙarar. Daga ƙarshen katako take fitowa, ƙarƙashin ɗankwali, kamar ruwa a kasko mai zafi. Shekara ashirin da shida ke nan yana jin ta, kullum da rana tsaka, daidai lokacin da Emilia ta shigo daga ɗiban itace tana ɗingishi, da macijin da ya sare ta a hannunta. Ba wanda ya waiga sai shi.

Ya durƙusa ya kifar da wutsiyar macijin a tafin hannunsa. Ba sai da kai ake ganewa ba, bai dai taɓa koya wa kowa wannan ba. Ɓawon da ke ƙarƙashin wutsiyar mai shan ƙwai layi biyu ne, kamar kitso. Na kububuwa layi ɗaya. Ya bi shi da farce har ƙarshe.

“'Yata, tofa yawu a nan.”

Afiniki ta tofa a kan siminti. Akwai ja a ciki, ɗan siriri.

“Goro ta ci,” in ji Gregory da sauri.

“Kububuwa ce,” Baba Silvanus ya faɗa da ƙarfi, yadda matan da suka taru a bakin shinge za su ji. “Selina, karɓi keken. Kada ki tsaya gaida kowa.”

Afiniki ta yi kwana tara a asibiti, ta tashi. Ba ta koma hanyar Kagoma ba.

Bayan wata guda Gregory ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a rana bai yi gaisuwa ba.

“Ka raba ni da matata, Baba. Kalma ɗaya kawai na nema.”

Tsohon ya miƙe ya ɗauko kwalbar ƙarshe, ya zare ɗankwalin. Sifirit ɗin ya yi ruwan ƙasa. Macijin ciki ya koɗe fari, kansa lafiya lau, bakinsa a rufe, wutsiyarsa manne da gilashi.

“Ƙirga layin.”

Gregory ya matso. “Ɗaya.”

“Na ƙirga tun ranar. Asibitin mishan a garin su Emilia yake, ita kuma ta riga ta ɗaure kayanta sau biyu za ta bar ni. Na ce mata mai shan ƙwai ne, ta kwanta ta huta. Ta yarda, don ni ne na san maciji. Kwana huɗu ta yi, ta cika. Wannan ɗankwalin da shi take share baki.”

Ya nuna bayan ɗaki da haɓa, inda tudun ƙasa yake ƙarƙashin gwanda.

“Tawa ba ta je ko'ina ba. Tana nan. Kana so ka gaishe ta?”

Gregory ya ja da baya har ya yi karo da shinge. Baba Silvanus ya mayar da kwalbar wurinta, bai rufe ta ba. Ya zauna ya karkata kai gefenta, don rana ta kusa kaiwa tsaka.