Takalman Hawan da Baba Ya Ɗinka wa Mijina

Mahaifina baduku ne. A Madabo aka haife shi, a zauren gidanmu kuma yake aiki tun daga hantsi har la'asar. Yana ɗinka jaka da kube da kayan sirdi, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne dogon takalmin hawa, irin wanda ke rufe ƙafa tun daga yatsu har gwiwa. 'Ya'ya biyar Inna ta haifa masa, ni kaɗai na rayu. Don haka tun ina ƙarama ni ce mai kai masa ruwa zaure, ni ce mai tsince guntayen fata, hancina kuma ya saba da warin jima har ba na jinsa.

Mijina ɗan Gwammaja ne. Kakanninsa makiyaya ne da suka shigo birni suka zauna. Shanun sun ƙare tun zamanin mahaifinsa, amma kunyar ba ta ƙare ba. Mutum ne da ko ruwa ba ya iya sha a gaban Baba. In ya zo gaisuwa, tun daga waje yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya gaisa da murya ƙasa-ƙasa, ya tashi.

Abin da zan faɗa ya faru ne shekarar da na yi haihuwar fari, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Ina gida wanka, jaririyata mace. A lokacin ne wani attajiri ya ɗauki Malam, haka nake kiran mijina, aikin zagaya kasuwannin ƙauye yana saya masa fatu, saboda ya san dabba. Aikin na hawa ne, sai ya yi kwana goma bai ga birni ba. Ya sayi doki. Ranar da ya dawo daga tafiyarsa ta farko, ƙaya ta yayyage masa wando, ƙwaurinsa duk ya farfashe.

Ya zo gaida Baba da la'asar. Ina bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, ina leƙe. Baba ya daɗe yana duban ƙafafun nan, sannan ya ce, "Malam, zauna bisa turmin can, ka miƙo min ƙafarka."

Malam ya ce, "Haba Baba, a'a. Don Allah a bari."

"Miƙo. Ba surukinka ke magana ba, baduku ne."

Ban taɓa ganin mutum cikin wahala irin ta Malam a ranar ba. Ga surukinsa, dattijo mai furfura, durƙushe a gabansa riƙe da diddigensa. Ya kau da kai yana kallon bango, gumi na zuba. Baba kuwa bai yi gaggawa ba. Ya sa shi ya lanƙwasa gwiwa kamar yana kan sirdi, ya auna da zare daga diddige zuwa bayan gwiwa, ya ƙulla. Ya auna sharaɓa a inda ta fi kauri, ya ƙulla. Ya auna idon sawu, ya zana tafin ƙafa a kan wata tsohuwar fata da gawayi. Ya gama dama ya koma hagu, don a cewarsa babu mutumin da ƙafafunsa biyu suke daidai. Da ya sallame shi, Malam ya fita ko takalminsa bai tsaya sakawa ba, a hannu ya ɗauka.

A lokacin idon Baba ya fara yin yana, ganinsa na raguwa. Bai gaya wa kowa ba, amma ni na sani, domin tunda na dawo gida ni nake zura masa zare a allura. Yakan ce wai hasken zauren ne ya ragu.

Kafin nan da 'yan watanni, wani mai kula da dokin Bature ya kawo masa takalmin ubangidansa gyara. Gyaran na yini ɗaya ne, Baba ya riƙe shi kwana uku yana juyawa, yana zura hannu ciki. Namu na gargajiya masu taushi ne, suna bin ƙafa kamar riga. Wannan kuwa tsaye yake da kansa, ƙaya ba ta huda shi. Irinsa Baba ya ƙudurta zai yi wa Malam, da ƙirgin saniya mai tauri a ciki, jar fatar akuya a waje. Ya ajiye duk aikin mutane. Sati uku yana kansa, rabi da ido, rabi da laluben yatsa. In layin ɗinki ya karkace sai ya warware ya sake. Inna ta yi ta mita, wai zai ƙarasa idonsa a kan takalmi.

Ranar da ya gama ya kira ni zaure. Ya jera su biyu a kan tabarma, ya ce, "Zauna, 'yar nan. Mijinki ba ya iya tsayawa ya ji magana daga bakina, ke za ki gaya masa. Ki ji da kyau."

Na zauna da jaririya a cinya.

"Ba irin wanda ya saba gani ba ne. Ranar farko da ƙyar zai shiga, sai ya ja da ƙarfi. Zai kama masa sharaɓa tsam, kada ya tsorata, in dai ƙafar ba ta mutu ba. Yatsunsa su sami wurin motsi, wannan na bar masa. Diddige zai riƙa ɗan ɗagawa in yana tafiya, zai daina. Abin da zai fi damunsa shi ne tsawo. Na ƙara yatsa biyu da gangan, bakin zai riƙa cizonsa a bayan gwiwa. Fata sabuwa sai ta karye a idon sawu, in ta karye takalmin zai sauka ya zauna daidai. Ya riƙa sakawa kaɗan-kaɗan a gida, ya shafa man kaɗe a inda yake lanƙwasa, ya naɗa tsumma a bayan gwiwa. Kwana ashirin zai yi yana jin jiki. Ki ce masa kada ya bari kowa ya sa masa wuƙa. Wanda ya yi daɗi ranar farko, bayan wata biyu buhu zai koma. Kin riƙe?"

Na ce, "Na riƙe, Baba."

Washegari Malam ya zo. Na same shi a soron ciki, Inna na tsakar gida tana jin mu. Jaririyar ta kwana biyu da zazzaɓi, hankalina rabi yana kanta. Shekaru da yawa da wannan nake kare kaina, amma ba shi ne dalili ba. Gaskiyar ita ce na ga yadda fuskar Malam ta haskaka da ya ga takalman, yana shafa su kamar ya ga ɗan maraƙi, sai na kasa buɗe baki in ce kyautar ubana za ta yi masa ciwo. Na ji tsoron ya ɗauka uzuri nake nema wa Baba, ya ce a ransa tsoho ya kuskure awo ne ake rufewa. Na ce a raina gobe na faɗa masa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba ya ce a riƙa shafa man kaɗe."

Washegarin da sassafe ya fita ta Ƙofar Mazugal, sanye da su.

Abin da ya same shi a hanya, daga baya na ji. Kafin azahar bayan gwiwarsa ya saluɓe. Kwana biyu yana daurewa, jini na manne wando da fata. Shi ma ya lura da idon Baba ranar awo, ya ga yadda yake kai zaren kusa da hanci. Sai ya yanke a ransa cewa dattijo ya yi kuskure, kuma ba zai taɓa yiwuwa ya mayar wa surukinsa da aiki ba. Ajiye su kuma ba zai yiwu ba, Baba zai tambaya. Ya sami wani baduku a wata kasuwa can nesa, inda babu wanda ya san mu, ya ce a rage tsawon, a buɗe bayan a ƙara fata. Mutumin ya yi yadda aka ce.

Tafiyar ta yi tsawo, ya fi wata bai dawo ba. Da ya iso bai ko biya Gwammaja ba, gidanmu ya zarce don Baba ya gan shi da su. A karon farko ya shigo zauren bai tuɓe takalmi ba, ya durƙusa. Ina bayan asabari. Ko daga nan na ga abin da ya faru. Fatar ta karye a idon sawu kamar yadda Baba ya faɗa, takalmin ya sauka, amma tunda an riga an yanke, bakinsa ya tsaya can ƙasa da gwiwa. Sharaɓar ta saki, ta tattare kamar wuyan tsohuwar saniya.

Baba ya ce, "Matso, Malam."

Ya kai hannu ya shafa. Ya bi bakin takalmin da babban yatsa, ya tsaya. Ya zagaya baya, ya bi sabon ɗinkin daga sama har ƙasa, ɗinki mai faɗi-faɗi irin na mai sauri. Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

Malam ya ce, "Sun yi min daidai, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Baba ya ce, "Madalla. Allah ya tsare hanya."

Bayan ya tafi Baba ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga min murya ba.

"Kin gaya masa abin da na ce?"

Na ce, "Na gaya masa."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Sai ya ce, "To, yaron nan mai haƙuri ne. In ya ji duk wannan kuma ya kasa daurewa, ba tsawon da na ƙara ba ne. Ni na ɓata awon. Ashe idon ya tafi ban sani ba."

Ina tsaye. Kalma huɗu ko biyar za su ishe ni in gyara. Na ji jaririyar ta yi kuka a ɗaki, na juya na tafi wurinta, ina gode mata a raina.

Baba bai sake ɗinka takalmin hawa ba. Mutane biyu sun zo a watan, ya ce su je wurin ƙanensa a Gwammaja. Ya ɗan ci gaba da ƙananan abubuwa, kube da igiyar guga, sannan ya bar su ma. Kafin kaka ya tattara wuƙaƙensa da basillarsa a jaka ya aika wa ƙanen nasa. Ya koma zama a dakalin ƙofar gida da carbi. Hannayensa ne suka fi ba ni tausayi. Suna cinyarsa amma ba sa zama, babban yatsa na ta murza gefen riga kamar yana gwada kaurin fata.

Na koma ɗakina bayan an gama wanka. Duk zuwan da zan yi gida sai na shirya maganar tun daga hanya. In na iso na gan shi, ya karɓi jikarsa yana yi mata wasa, sai in ce ba yau ba. Tun ina tsoron ya ji na ƙi isar da saƙo, har na koma tsoron ya ji na yi masa ƙarya ido da ido. Kullum maganar ƙara nauyi take.

Daminar da ta zagayo ya kwanta da ciwon ƙirji. Kwana tara ya yi. Ina gefensa a rana ta takwas, mu biyu kaɗai, Inna ta fita dama masa kunu. Na ce, "Baba, ka yafe min." Ya ce, "Me kika yi min? Na yafe miki duniya da lahira." Ya yafe bai san me ya yafe ba, ni kuma na karɓa a haka. Washegari da hantsi ya cika.

Sai bayan sadakar arba'in na gaya wa Malam. Yana zaune a tsakar gida yana gyaran linzami. Na faɗa masa duka, yatsa biyun, kwana ashirin ɗin, da tambayar da Baba ya yi min da amsar da na ba shi. Ya ajiye linzamin. Na ɗauka zai yi faɗa, har na so ya yi.

Ya ce, "Kenan daidai suke."

Na ce, "Daidai suke."

Ya rufe fuska da hannun rigarsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ko da mahaifiyarsa ta rasu bai yi a gabana ba. Da ya natsu ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Da na iya buɗe baki na tambaye shi, da ya gaya min." Ya tashi ya yi alwala ya fita masallaci, alhali lokacin salla da saura.

Mun yi shekara talatin da wani abu tare bayan nan, bai sake tayar da zancen ba, ko cikin fushi. Inna kuwa har ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Bayan rasuwarta dangi suka ba wani tela zauren, ya kafa kekensa a ciki. Na je sau ɗaya kai ɗinkin zane, ya ce in zauna in jira, yanzu zai gama. Zama a zauren nan ya fi ƙarfina, na ce masa zan aiko a karɓa.