Guɗa a Zauren Jaz

Ko na tsufa na manta sunan unguwar da na zauna, ba zan manta ranar da na yi guɗa a tsakiyar Turawa a Paris ba.

Lokacin ina karatu a Lyon, ina zaune a unguwar Vénissieux. Maƙwabcina wani tsoho ne ɗan Damagaram, muna ce masa Baba. A ƙungiyar kiɗan sojan Faransa ya koyi busa saksofon, ƙahon tagullar nan mai lanƙwasa, daga baya ya kafa ƙungiyarsa ta kiɗan jaz a Paris, ya shugabance ta har ƙarfinsa ya ƙare. Duk ranar da na yi tuwo sai na kai masa, shi kuwa ya biya ni da labari da tsiya. “Ɗiyata, miyar ga taki ko likita bai hana ta ba, don babu gishiri,” in ji shi, yana lashe hannu.

Sai aka gayyace shi Paris ya yi busa ta bankwana. Ya tsorata ƙwarai, don numfashinsa ya ragu. Ni na raka shi, a jirgin ƙasa ya ce mini, “In na tsaya a tsakiya, da wannan za su riƙa tunawa da ni.”

Da la'asar aka fara. Zaure ya cika, amma shiru kamar ɗakin jarrabawa, haka su Turawa suke girmama makaɗi. Baba ya ɗauko wata busa mai sanyi, wadda na ji amon algaitar gida a cikinta, har idona ya cika. Can sai sautin ya karye. Ya sauke ƙahon. Turawa suka ƙara yin tsit, suna jiransa cikin ladabi, ni kuwa ina ganin shirun nan yana kashe shi.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, na hau dandamalin na liƙa masa kuɗi a goshi, kamar yadda muke yi a biki. Wata mata ta dafe ƙirji, mai gadi ya taso. Baba ya tare shi da hannu, dariya ta kusa kayar da shi.

“Ku bar ta, ƴar garinmu ce!” Ya juyo gare ni da hawaye. “Tun da na baro gida ba wanda ya yi mini haka. Ƙara, ɗiyata.”

Na ƙara. Mai ganga ya ɗauka, Baba ya mayar da ƙahon baki, ya kai busar har ƙarshenta. Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ina kewarsa.

Ranar na koyi cewa in naka ya rasa numfashi a gaban jama'a, kada ka tsaya duba ko ya dace. Tashi ka ɗaga masa murya irin ta gida.