Zoɓon Malam da Harshen Habu

Jama'a, yau na shanye kayan gwajin kimiyya!

Malam Isiyaku, mai shirya mu don jarrabawar bac ta kammala sakandare a unguwar Klémat, da zoɓo yake gwaji: a zuba kanwa, ya koma kore. Na iso daga unguwar Gassi da ƙishi, na ga gorar zoɓo a tebur, na kwankwaɗe, na miƙa wa abokina Habu ragowar.

Malam ya shigo. "Wa ya sha? Kowa ya fito da harshe!"

Da Habu ya fara. Jajir!

"Malam, wallahi kurɓi ɗaya..."

"Fita! Kada ka dawo!"

Habu ya dube ni. Na ce, "Haba Habu, wannan kwaɗayi!" Aji ya fashe da dariya.

An kore shi, saura sati biyu jarrabawa. Nawa harshen ba a ma duba ba.