Kaka Shatu da Yaron da Bai Ƙetare Gada Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakata Shatu a gidanmu na Kanambakashe. Mutanen gida duk suna gona wurin girbin hatsi, ni kaɗai ce a gefenta. Sunana Nuriyya. Ban iya tsayawa gaban mutane in yi magana ba, shi ya sa na rubuta.

Kaka, tun da na bar lakwal a aji shida ba ni da ƙawa. In baƙi suka shigo, bayan rumbu nake komawa. Ke kaɗai ce ba ki taɓa ce mini kurma ba. Sai dai ki matsa mini wuri a tabarma, ki miƙo mini gyaɗa in ɓare, mu wuni haka.

Shekarun baya, da kika je Tasawa neman maganin ido, kin ga wani fim na Indiya a gidan Kawu Usman. Labarin wani yaro ne da ya ɓace wa uwarsa a tasha, ya girma yana nemanta. Ana gab da ƙarshe wuta ta ɗauke, washegari kuma kika dawo gida. Abin ya tsaya miki a rai. Ko daka kike sai ki ce ko yaron nan ya ga uwarsa.

Bara yayana Lamine, kafin ya tafi cirani, ya sa aka ɗora mini wasan gem na wannan fim a tsohuwar salularsa ranar kasuwa. Mai ɗorawar ya rantse duk labarin yana ciki. Ashe hoton farko ne kawai na fim ɗin. Yaron cikin wasan kansa kamar ƙwarya, ba ya magana, ba ya kuka, gudu kawai yake yana tsallake akwatuna, ga wani kiɗa mai kama da kukan gyare da ba ya tsayawa. Ba uwa, ba tasha. In ya iso wata gada sai ya nutse cikin ƙasa, salular ta mutu.

Idonki ba ya gani sosai, sai kika riƙa tambayata me yake yi. Da na faɗa miki yadda kansa yake, kika yi dariya har da tari, kika ce wannan ba ɗan kowa ba ne, in ke ce uwarsa ma da kin ƙara gaba. Duk da haka kowace la'asar sai kin ce in sake gwadawa. Wata bakwai ina kai shi gada yana nutsewa. Na ji haushin waɗanda suka yi wasan nan, don ban ga alamar sun kalli fim ɗin ba, balle su san akwai tsohuwa da ke jira.

Da ciwo ya kwantar da ke cikin damina, na ji tsoron ki tafi ba ki ji ƙarshen ba. Wata rana na riƙe salular, na ce miki ya ƙetare. Kika ce to sai me. Na ce ya tarar da ita tana sayar da abinci bakin hanya, ta gane shi da tabon ƙafarsa. Kika tambayi abin da ta fara ce masa, da wanda ya fara kuka, da ko ta ba shi abinci. Ina ƙirƙira kina tambaya har aka kira magariba. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba a rayuwata.

Ƙaryar ta yi ta cina. Kwana biyu kafin rasuwarki kika kama hannuna kika ce mu yafi juna. Na buɗe baki zan faɗa, kika riga ni.

"Ƴar nan, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ranar nan ban ji kukan gyaren ba. Na san salular a kashe take."

Na fashe da kuka. Kika ce in yi shiru, nawa ƙarshen ya fi miki daɗi, ba ki ma son na Indiyawan.

Yanzu masu gaisuwa sun watse, an kwashe kayan ɗakinki. Gidan cike yake da mutane, amma sai in wuni ban ce uffan ba, kuma ba wanda ya lura. Abubuwa da yawa na faruwa da nake so in ba ki labarinsu.

Allah ya jiƙanki, Kaka. Allah ya yafe miki kurakuranki kamar yadda kika yafe mini tun ban roƙa ba. Ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Baba da Kawu Usman da Gwaggo Zara'u ta'aziyya, da Lamine wanda labarin ya iske a hanya, bai samu jana'iza ba. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.